Me yasa takardar sayen gona a tsohuwar Faransa take da tsawo haka, kuma mene ne aikin noter aciki?

Ƙanena sannu da ƙoƙari, Allah ya bada sa'ar karatu. Ga wanda bai ga tambayar ba, ɗalibin shari'a ne a Yamai, malaminsu ya basu hoton wata takardar cinikin gona ta shekarar 1764 daga wani ƙauye kusa da Faris, shafi huɗu cur akan 'yar gonar da bata kai hekta ɗaya ba, shine yake tambaya me ya kawo wannan dogon zance, me sunan matar mai gonar yake yi aciki, shi noter ɗin da ya rubuta takardar alƙali ne ko lauya, sannan ko takardar tana tabbatar da mallaka kamar yadda titre foncier, takardar mallakar fili, yake yi a Nijar.

Bari in fara da ta ƙarshen dan anan mutane suka fi ruɗewa. A'a, bata tabbatarwa. Takardar noter shaida ce cewa ranar kaza wane da wane sun zo gabansa sun faɗi kaza, an ƙirga kuɗi kaza yana kallo. Ko gonar ta mai sayarwar ce da gaske, wannan wata magana ce daban. Tsawon da ka gani kuwa dalilinsa shine gona a Faransa kafin juyin juya halin 1789 ba ta mutum ɗaya bace ko da shi ake kira mai ita, akwai uban ƙasa, akwai dangi, akwai matarsa, akwai masu binsa bashi, ga kuma sarki da harajinsa, kowa da hannunsa a jikinta. In ka sake karanta takardar da wannan a ranka zaka ga kusan kowane layi an rubuta shi ne dan a toshe bakin ɗaya daga cikinsu tun kafin ya buɗe.

Shi noter ba alƙali bane kuma ba lauya bane. Lauya ɓangare guda yake tsaya wa, alƙali sai an ɓata ake zuwa gunsa, shi kuwa aikinsa kafin rigima ne kuma na duka ɓangarorin biyu ne. Jami'i ne da hukuma ta ba ikon sa hatimi amma bata bashi albashi, abinda mutane suka biya shi yake ci. Sana'ar daga Italiya ta shigo ta kudancin Faransa inda ake bin dokar Rum a rubuce, har yau akwai rajistar wani noter na Marseille mai suna Giraud Amalric ta shekarar 1248. A arewa inda kowane yanki yake da dokarsa ta al'ada abin ya biyo ta hanyar hatimin kotu ne, Sarki Luwi na 9 ya naɗa su 60 a kotun Châtelet ta Faris a 1270. Sai 1539, dokar Villers-Cotterêts ta Sarki Faranswa na 1 tace a daina rubuta takardun da Latin a koma Faransanci, kuma dole kowane noter ya riƙa ajiye asalin takardun da ya rubuta. Sai dokar Moulins ta 1566 tace duk maganar da ta wuce livre 100 (livre shine kuɗin Faransa na lokacin) ba a karɓar shaidar baki akanta, sai rubutu. Toh kaga daga nan ne talaka ma ya zama ba shi da mafita sai ƙofar noter, tunda akasarin mutane basu iya rubutu ba. Kujerar noter kuma saye ake yi, a gada, a sayar, kamar kowace kadara, wasu na sarki ne, wasu uban ƙasa ne ya naɗa su, wasu na coci.

Yanzu ɗauko hoton mu bi shi. Bayan sunan noter da shaidu biyu (ko noter biyu, a Faris haka aka fi yi) zaka ga sunan mai sayarwa da sana'arsa da inda yake zaune, sai matarsa, da wata 'yar jimla cewa mijin ya bata izini ta shiga cinikin. Matar aure a lokacin bata da ikon ƙulla ciniki sai da izinin miji, wannan gaskiya ne, amma ba dan ado aka kawo ta ba, mai saye ne yake tsoronta. A dokar al'ada ta Faris in miji ya rasu matar tana da haƙƙin cin amfanin rabin filaye da gidajen da ya shigo aure dasu ko ya gada daga iyayensa har ƙarshen ranta, suna kiransa douaire, sannan duk dukiyar da ta zo da ita gidan tana bin kadarorin mijin a matsayin bashi. Kenan in bata zo ta sa hannu ta sarayar ba, bayan shekara 20 zata iya tasowa da takardar aurenta, wadda ita ma noter ne ya rubuta, tace rabin amfanin gonar nan nata ne, kuma kotu zata bata.

Sai kwatancen gonar. Babu taswira, babu lambar fili, abinda zaka gani shine gabas gonar wane, yamma hanyar kaza, kudu magadan wane, arewa filin coci. Awon ma ya danganta da inda kake, arpent na Faris wajen kashi ɗaya cikin uku ne na hekta, arpent na ma'aikatar daji ta sarki ya ɗan haura rabin hekta, wasu wuraren da yawan irin da ake shukawa ake auna gona, wasu da abinda mutum zai iya nomewa a wuni. Shi yasa noter yake ƙara cewa ko ta fi haka ko bata kai ba mai saye ya ga gonar ya santa ya yarda, dan kar gobe ya zo da igiya yana neman ragi.

Uban ƙasa, wato seigneur, shi ma yana nan. Takardar zata faɗi gonar a ƙarƙashin wane take da ɗan abinda ake biyansa duk shekara, cens, wanda sau da yawa bai taka kara ya karya ba, amma shine alamar cewa shi ke sama. Babban kuɗin a ranar ciniki yake, lods et ventes, a yankin Faris kashi ɗaya cikin 12 na farashin, mai saye ne zai kai masa takardar ya biya a sa masa hannu. Dangi kuma suna da nasu, retrait lignager, in mutum ya sayar da gonar gado ga bare, duk wani ɗan'uwa ta ɓangaren da gonar ta fito yana da shekara ɗaya da kwana ɗaya ya zo ya mayar wa mai saye kuɗinsa da abinda ya kashe ya karɓe gonar. Wanda ya karanci fiƙihu zai tuna shuf'a, sai dai a Malikiyya haƙƙin na abokin tarayya ne a kadarar da ba a raba ba, wannan kuwa na jini ne. Kuma ka lura da yadda abubuwan biyu suke jan mai saye gabas da yamma, in ya rage farashi a takarda dan ya rage kuɗin uban ƙasa da haraji, ɗan'uwan mai gonar zai zo ya karɓe ta a wannan ƙaramin farashin.

Amma inda gizo ke saƙar shine bashi, kuma anan ne zaka gane me yasa noter ya zama babban mutum a gari. A tsohuwar doka, duk bashin da aka rubuta gaban noter kai tsaye yana hawa kan dukkan filaye da gidajen wanda ya ci bashin, na yanzu da wanda zai samu nan gaba, ba sai an ambaci sunan wata gona ba, kuma babu wani ofishi da zaka je ka duba. Bashin yana bin gonar duk hannun da ta koma. Kenan zaka iya sayen gona yau ka biya cas, gobe wani ya fito da takardar 1750 yace yana bin wanda ya sayar maka bashi, ko ka biya ko a yi gwanjonta. Cinikin biri a sama kenan. Colbert, ministan Luwi na 14, ya gwada buɗe rajistar jingina a 1673, manyan ƙasa da bashi ya yi musu katutu basa son a san asirinsu, shekara na zagayowa aka soke dokar. Sai a 1771 aka fito da hanyar da mai saye zai kai takardarsa a manna a kotu wata biyu, duk mai bin bashin da bai fito ba ya rasa haƙƙinsa akan gonar. Taka ta 1764 ce, kafin wannan, shi yasa zaka ga mai sayarwa yana ta rantse-rantse cewa gonar ba bashi ba jingina, yana ɗaure sauran dukiyarsa kaf a matsayin lamuni. In ƙarya ya yi laifi ne mai suna stellionat, ana iya kulle shi har sai ya biya.

Toh wa ya san gaskiyar wa ake bi bashi a garin? Mutumin da takardun auren kowa, da rabon gadon kowa, da bashin kowa suke cikin akwatinsa tun zamanin ubansa da kakansa. Noter ne rajistar da gwamnati bata da ita. Dan haka ya zama dillalin kuɗi ma, gwauruwa mai 'yan kuɗin ajiya zata zo gunsa, manomi mai son ƙara gona zai zo gunsa, shi zai haɗa su dan ya san wanda zai iya biya. Kuma tunda coci ta haramta kuɗin ruwa, dokar sarki ma ta hana har zuwa Oktoban 1789, sai aka bi ta wata hanya mai suna rente. Zaka bani livre 1,000, ni kuma in "sayar" maka da haƙƙin karɓar livre 50 duk shekara, ni ina iya mayar maka da 1,000 ɗinka ranar da naga dama in huta, kai kuwa baka da ikon cewa in dawo dasu. Tun 1665 iyakar da doka ta yarda ita ce ɗaya cikin 20, wato kashi 5 cikin 100. Ka duba wajen farashi a takardarka da kyau, sau da yawa ba duka ake biya a hannu ba, wani ɓangare a ƙirga gaban noter, wani a mayar dashi rente, wani kuma ace mai saye ya biya wa mai sayarwa bashin wane kai tsaye. Kana iya ganin ɗan ƙarin da ake ba matar mai gona ma, épingles, kuɗin allura, na faranta mata rai dan ta sa hannu.

Na sarki shine zaka gani a jikin takardar kanta. Tambarin da ke saman shafi na takarda mai haraji ne da aka shigo da ita zamanin Luwi na 14, wadda tana cikin abinda ya jawo bore a Bordeaux da yankin Bretagne a 1675. A ƙasa ko a gefe zaka ga wani rubutu da hannu daban cewa an yi mata contrôle, wato rajista, a ofishi kaza ranar kaza an biya kaza, wannan dokar 1693 ce, dole a kai kowace takarda cikin kwana 15, banda su noter na cikin birnin Faris da suka biya sarki kuɗi aka ɗauke musu. Daga 1703 kuma aka ƙara kashi ɗaya cikin 100 akan cinikin fili da gida. Kuɗi sarki yake nema, amma abin ya yi wani amfani, ya hana a mayar da kwanan wata baya. A wasu yankunan bayan duk wannan sai noter ya raka mai saye har gonar, ya zaga, ya karya reshe, ya damƙi ƙasa, in gida ne ya buɗe ƙofa ya rufe ya kunna wuta, a tambaya ko akwai mai ja, a rubuta cewa ba wanda ya tanka. Ƙarshe sai sa hannu, da jimlar nan da zaka yi ta gani cewa wane ya bayyana bai iya sa hannu ba.

Ƙarfin takardar uku ne kuma har gobe haka suke a dokar Faransa. Kwanan watanta ba a ja dashi. Abinda noter yace ya gani da idonsa ko ya yi da hannunsa ba a rusa shi sai an tuhumi takardar da jabu ta wata hanya mai tsauri ta musamman. Sannan kwafin da ake ba mai haƙƙi, grosse, kamar hukuncin kotu yake, da shi kaɗai za a iya ƙwace kayan wanda ya ƙi biya ba sai an shiga shari'a ba. Amma ka riƙe wannan bambancin dan a jarrabawa ma anan ake kama ɗalibai, in takarda tace an ƙirga kuɗi a gaban noter wannan shaidarsa ce, in tace mai sayarwa ya bayyana cewa ya riga ya karɓa, ko ya bayyana cewa gonar ya gada daga uwarsa, noter ya shaida an faɗa ne kawai, ana iya ƙaryata abin da hujja ta yau da kullum.

Juyin juya hali ya share rabin mutanen da na lissafa. Haƙƙin dangi ya tafi a 1790, na uban ƙasa aka soke shi ba diyya a Yulin 1793 har da umarnin ƙona takardunsa. Filayen coci da aka ƙwace tun Nuwamban 1789 hukuma ce ta yi gwanjonsu da kanta. Noter kuwa ya tsira, a 1791 aka haɗe su suka zama iri ɗaya, sai dokar 16 ga Maris 1803 zamanin Napoliyon ta kafa tsarin da ake kai har yanzu, a 1816 kuma aka dawo musu da ikon gabatar da magajin kujera, wato sayar da kujera ya dawo ta bayan fage. Abin mamaki kundin dokar 1804 bai ce dole sai gaban noter za a sayar da fili ba, sashe na 1583 cewa ya yi da zarar an daidaita akan kaya da farashi ciniki ya faɗa tsakanin mutum biyun. Kyauta da yarjejeniyar aure da jingina su ne dole sai noter. Taswirar filaye aka fara ta a 1807 aka kai wajen 1850 ana yi, ita ma dan haraji ce, ba hujjar mallaka bace. Sai 1855 aka ce cinikin da ba a kai ofishin jingina an kwafe shi ba baya cin wani na uku, sai dokar 4 ga Janairun 1955 tace ofishin baya karɓar takarda sai ta hukuma, daga nan ne ya zama a aikace ba mai sayen gida a Faransa sai ta hannun noter. Har yau aikinsa ne ya bi silsilar masu gidan baya shekara 30, dan shekara 30 na riƙe fili a fili ba mai ja su ne suke kashe kowace da'awa. Kashi 7 zuwa 8 cikin 100 ɗin da ake kira kuɗin noter akan tsohon gida kuwa galibinsa haraji ne, nasa wajen kashi ɗaya ne.

Ni a ganina tsarin ya kare talaka fiye da yadda ake faɗa, dan marar karatu ya samu wanda zai karanta masa, ya ajiye masa asalin takardar inda gobara ko ɗan'uwa mai haɗama ba zasu kai gare ta cikin sauƙi ba. Amma bana ɓoye cewa mutum ɗaya ya san asirin gari gaba ɗaya kuma ya sayi kujerar da kuɗi abu ne mai hatsari, an yi waɗanda suka juya kuɗin amanar mutane suka karye da su, har daga baya aka tilasta musu ajiye kuɗin jama'a a Caisse des dépôts, asusun ajiya na gwamnati da aka kafa a 1816. Kuma akwai abinda bana iya tsallakewa. Wannan alƙalamin dai shi ya rubuta cinikin gonakin rake a Martinique da Guadeloupe da Saint-Domingue, Haiti ta yau, inda dokar bayi ta 1685 a sashe na 44 ta sa ɗan Adam cikin kayan da ake ɗauka a sayar. Zaka ga an jera mutane da suna da shekaru da ƙabila da farashi kusa da alfadarai da tukwanen dafa rake, kuma acikin ƙabilun da ake rubutawa a Saint-Domingue a ƙarshen ƙarni na 18 akwai "Aoussa", mu kenan. Wata doka ta 1776 ta sa a riƙa tura kwafin takardun noter na ƙasashen mallaka zuwa Faransa, suna Aix-en-Provence yanzu.

Game da Nijar, noter ɗin kun gada daga Faransa kamar Chadi da Kamaru, amma titre foncier ba tsarin cikin Faransa bane, na ƙasashen mallaka ne, dokokin 1906 da 1932 na Afirka ta Yamma, inda ake yi wa fili rajista sau ɗaya takardar ta zama ita ce tushen mallaka ba a sake ja da ita. A Faransa yankin Alsace da Moselle ne suke da littafin filaye mai ɗan kama da haka, saboda zamansu a hannun Jamus daga 1871 zuwa 1918. 'Yan'uwa na Najeriya kuma kar ku haɗa shi da notary public ɗinku, wancan lauya ne da aka ba ikon shaida sa hannu da rantsuwa, baya ajiye tarihin filayen gari.

In kana son ka bi sawun gonar taka, sunan noter da garinsa su ne mabuɗi. Asalin takardar, minute, baya barin ofishin, magajin kujera ke gadonsa, bayan shekara 75 a miƙa wa gidan adana takardun tarihi na département ɗin, wato lardin, galibi a jerin 3 E, na birnin Faris kuma suna Minutier central inda aka tara na ofisoshi 122. In sunan noter bai karantu ba ka shiga rajistocin contrôle a jerin C, da yawa an sa su a intanet kyauta, suna bada kwanan wata da sunayen masu ciniki da farashi da sunan wanda ya rubuta. Ka nemi takardar da aka ambata a matsayin inda mai sayarwa ya samo gonar, rabon gado ne ko wani ciniki, sannan in farashin da saura ka duba gefen minute ɗin ko bayansa, nan ake yawan rubuta quittance, shaidar an gama biya, wani lokacin bayan shekaru da yawa kuma da sunan 'ya'yan masu cinikin.